Shi Biyu, Ni Ɗaya

Talata, 6 ga Mayu, 2025

Mun dawo daga Gusau kafin la'asar. Ban ci abinci ba. Asiya ta tambayi abin da likita ta ce, na ce mata lafiya lau. Ta dube ni irin duban nan nata na matar da ta shekara hamsin da biyar da mutum, ta ɗauke kwanon.

Ba lafiya lau ba ne. An rage mini magani.

Tun da aka sa mini ɗan ƙarfen nan a jijiyar zuciya a Kano, cikin Fabrairu, ƙwaya biyu ta tsinka jini nake sha kullum, ja da fara, don kada jini ya daskare a kan ƙarfen ya toshe hanya. Ranar sallama har gargaɗi aka yi mini, ko da wasa kada in tsallake. Yau kuma Likita Hannatu, wadda ke duba mu a Gusau, ta zaunar da ni tana jero tambayoyi kamar ina gaban alƙali. Shekaruna nawa. Saba'in da shida. Na taɓa gyambon ciki? Na taɓa, ina hedimasta a Sakajiki, har da aman jini. Ina shan maganin ciwon gwiwa? Wani lokaci. Ta duba sakamakon awo ta ce jinina ya yi ƙasa, ƙoda kuma ta fara kasala.

"Baba," ta ce, "maganin da ke hana jini daskarewa a zuciya, shi ne dai ke hana shi tsayawa idan ya ɓalle a ciki. Aikina in duba wanne ya fi kusa da kai. Kai zubar jini ta fi kusa."

Wai ƙarshen wata in ajiye farar, asfirin, in ci gaba da ja kaɗai da maganin kare ciki. Na ciwon gwiwa kuwa ko kallonsa kada in yi.

Na fito, Ɗanbaba, da muka zo tare, ya shiga. Ina kan benci ina jin dariyarsa ta cikin ƙofa. Ita ma tana dariya. Ni ko murmushi ba ta yi mini ba.

A mota ya buɗe baki tun kafin mu bar gari: "Hedimasta, ni hwa anka ce in ci gaba da biyu har shekara ta cika. Ta ce jinina kamar na ɗan maraƙi! Kai ɗaya anka bar ma? To ai daidai na. Ƙarhe ɗaya, ƙwaya ɗaya. Ni ƙarhe biyu gare ni."

Na yi kamar barci nake.

Laraba, 7 ga Mayu

Ɗanbaba ɗan kawuna ne, taubashina, don haka duk abin da ya faɗa wasa ne, ba ni da bakin yin fushi. Na girme shi da shekara bakwai. Ni na koya masa baƙaƙe a zauren gidanmu, ya gudu daga aji huɗu ya bi shanu kasuwar Moriki. Yau shi ne Alhaji, mai gidan bene a Zurmi. Ni ne mai jiran fansho.

Ciwon ma shi ya riga ni. Nasa ya kama shi cikin kaka, nawa bayan wata uku. Shi ya san asibitin, motarsa ta kai ni, ɗansa Nuraddeen ya tuƙa. Ban manta ba. Amma ko a ciwo sai in bi sawunsa?

Juma'a, 9 ga Mayu

Bayan an sallame salla mutum uku suka tare ni a ƙofar masallaci. Na ɗauka jikina za su tambaya. "Malam Bawa, ya jikin Alhaji Ɗanbaba? Mun ji an ce ƙarfe biyu aka sa masa, Allahu akbar."

Na ce yana nan ƙalau.

Alhamis, 15 ga Mayu

Nuraddeen ya biyo da yamma daga kasuwar Shinkafi, ya kawo mana albasa da kifi busasshe. Ya nuna wa Asiya hoto mai motsi a wayarsa: ubansa a saman tirela yana nuna yadda za a jera shanu, yana daka wa yaran mota tsawa, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Asiya ta ce, "Masha Allah, kamar ba shi aka kwantar ba."

Ni daga ɗaki zuwa zaure sai na tsaya na huta a bakin rijiya.

Na fahimci bayanin likita sarai. In da yaro ne ya tambaye ni a aji, da na zana masa a allo. Amma abin da zuciyata ke faɗa daban: an duba mu biyun, an ga wanda ya cancanci a tsare shi da kyau, an ga wanda za a lallaɓa ya ƙarasa.

Asabar, 31 ga Mayu

Na sha farar ƙarshe. Asiya ta ɗauke ragowar ta kulle a akwatinta, wai haka Rahina ta ce ta waya. 'Yar da na haifa ke ba da umarni a kaina daga Gusau.

Litinin, 2 ga Yuni

Wani ɗan tsuki a ƙirji bayan azahar. Ya wuce. Ko ya fara toshewa?

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Salla. Shekara da shekaru ni nake yanka ragona da hannuna. Jiya na ɗauko wuƙa, Asiya ta tsaya a gabana ta miƙo hannu. "Malam, in ka yanke fa?" A gaban maƙwabta. Na miƙa. Mahauci ya yanka ina tsaye kamar baƙo a gidana.

Yau mun je Zurmi gaisuwa da sanyin safiya, cikin ayarin motoci, don hanya ba ta da tabbas. Ɗanbaba sa ya kayar, kuma shi ya yanka. Ba wanda ya karɓe masa wuƙa, shi da yake shan biyu! Ya zauna a tsakiyar zaure yana yagar soyayyen nama, mutane na ta shigowa, kowa ya zo sai ya buɗe masa wuyan hannu ya nuna ɗan tabon da aka zura waya. Ya nuna ni da ƙashi: "Wanga ma an yi mishi, amma nashi ƙarami na, na 'yan makaranta."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Naman bai wuce mini ba.

Da za mu taso ya fito da kwalin maganinsa daga aljihu, ya ce in karanta masa ko na safe ne ko na yamma, Nuraddeen ba ya kusa. Na karanta masa. Mutumin da bai iya karanta sunan abin da yake haɗiya ba.

Talata, 10 ga Yuni

Na tsaya kemis ɗin da ke bayan tsohuwar tashar jirgi. Ban yi niyya ba, hanya ce ta biyo da ni. Na ce a ba ni asfirin ƙarami, aka ba ni, ba tambaya. Abin da ake sayarwa kamar alewa shi ne wai zai kashe ni?

Yana cikin aljihun tsohuwar jamfata da ke rataye a bayan ƙofa.

Wata uku na sha ba abin da ya same ni.

Laraba, 11 ga Yuni

Yau biyu na sha, ja da fara. Na ji ƙirjina wasai.

Alhamis, 19 ga Yuni

An yi ruwan shuka. Gonar Banga ta yi nisa, bana ma ba mai zuwa can, sai 'yar wadda ke bayan gari. Na fita da masu shuka, na ce ni ma sai na yi kunya biyu. Gwiwa ta ƙi. Da na dawo na aika aka sayo mini na ciwon gwiwa, mai ƙarfin. Na san likita ta hana. Kwana biyu ne kawai, a gama shuka.

Ɗanbaba ya kira, wai ya sa an shuka masa gero da dawa, shi da kansa ya zaga gonar da ƙafa. Na ce ni ma daga gona nake. Ya ce, "Kai dai yi a hankali, Hedimasta." Shi ke gaya mini in yi a hankali.

Lahadi, 29 ga Yuni

Asiya tana tsintar wake ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da za ka saki ranka kamar Alhaji, da ka fi haka murmurewa. Shi ba ya sa abu a rai."

Na ce ta koma Zurmi mana.

Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki. Ban taɓa faɗa mata irin wannan ba. Lokacin da aka yi mana aure Ɗanbaba yaro ne mai ƙazuwa, ita ke ba shi ƙanzo. Me ya same ni?

Laraba, 9 ga Yuli

Asuwaki ya fito ja. Na kurkure, ya ƙi tsayawa har na gama alwala. Akwai wani shaci baƙi-baƙi a damtsena, ban tuna na bugu ba. Na sa riga mai dogon hannu.

Litinin, 14 ga Yuli

Bayan gida ya canza. Baƙi, kamar kwalta, da wani irin wari. Zogale na ci shekaranjiya, wataƙila shi ne.

Ba zogale ba ne. Likita ta faɗa mini wannan alamar da bakinta.

Gobe ranar ganin likita. Na kira Nuraddeen na ce kada su biyo ta nan, ina da zaman 'yan fansho. In na je za ta ɗebi jini, jini kuma ba ya rufa asiri. Zan ajiye na gwiwar tukuna, in ga.

Talata, 15 ga Yuli

Sun biyo a hanyar dawowa. Ɗanbaba ya shigo yana fifita da hula. Likita ta tambaye ni, wai har sau biyu. Shi kuma komai nasa daidai, ta ce ya ci gaba yadda yake. Ya tsaya yana kallona. "Hedimasta, ka yi hwari. Lahiya kake?" Na ce hasken zaure ne.

Ranar Lahadi sunan jikansa. Ya ce in ban zo ba ba za a raɗa suna ba.

Asabar, 19 ga Yuli

Jiri idan na miƙe. Zuciya na bugawa kamar na yi gudu. Asiya ta ce kada in je. Zan je. In ban je ba, a zauren nan za a ce Hedimasta ya kwanta.

Juma'a, 25 ga Yuli

Asibiti, Gusau. Rahina ta kawo mini littafin nan da biro. Zan rubuta.

Ranar Lahadi na je Zurmi. Na tuna an yi addu'a, an raba goro da dabino. Na tuna na miƙe zan fita in sha iska, sai bakina ya cika da wani abu mai ɗumi. Na tuna farar tabarmar roba, da yadda ta koma ja. Daga nan sai guntu-guntu.

Muryar Ɗanbaba a kaina: "Ku ɗauko mota! Ku bar kallo, ku ɗauko mota!" Kaina a kan cinyarsa a kujerar baya. Babbar rigarsa ta suna, sabuwar shadda, duk ta ɓaci. Nuraddeen na gudu a hanyar da mutane ba sa bi su kaɗai ko da rana tsaka, ba ayari, ba rakiya. Wani a ƙofar gida ya ce su jira a haɗa motoci, Ɗanbaba ya ce wanda zai tare su ya tare. Wannan Nuraddeen ya gaya mini daga baya. Abin da ni na ji shi ne yana ta maimaitawa a kunnena, "Bawa, kak ka yi man haka. Bawa." Rabon da ya kira ni da sunana tun muna yara.

A Ƙaura aka fara sa mini jini. Nuraddeen ya bayar, da wasu tsofaffin ɗalibaina biyu da suka ji labari. Asiya ta ce Ɗanbaba ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi nasa, aka ce ba a karɓar na mai shan irin maganinsa, ga shekaru, ga zuciya. Wai har faɗa ya yi da ma'aikacin, sai da aka fitar da shi waje.

Washegari aka kawo ni nan. Aka zura mini tiyo mai kyamara ta maƙogwaro, aka ga tsohon gyambon ya buɗe, aka ƙone bakinsa.

Ranar Talata Likita Hannatu ta zo. Asiya na zaune a gefen gado, Ɗanbaba a kan kujera, bai koma Zurmi ba. Ta daɗe tana duba takardu. Ta ce, a hankali, "Baba, ban da abin da na rubuta, me kake sha?"

Na dubi silin.

"Ba faɗa zan yi ba. Amma abin da za ka faɗa shi zai nuna mini abin da zan yi gobe. In ja kaɗai ce ta yi wannan, to ita ma sai na sake tunani a kanta, kuma ƙarfen na buƙatarta."

Sai na faɗa. Farar, tun bayan Salla. Na gwiwa, tun shuka.

Asiya ta ce "Innalillahi," ta rufe fuska da mayafi. Likita ta gyaɗa kai kawai ta rubuta. Ɗanbaba ne ya matso da kujera.

"Don mi?"

Na juya fuska bango.

"Hedimasta, kai da ka san karatu. Don mi?"

Na ce, "Don kai kana sha."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ban taɓa ganin Ɗanbaba ya rasa abin faɗa ba.

An tsayar mini da duk maganin tsinka jini na 'yan kwanaki, har jar, don gyambon ya kame. Likita ba ta ɓoye mini ba, ta ce kwanakin nan ƙarfen ba shi da mai tsaronsa. Na nemi biyu, na wayi gari ba ko ɗaya. Duk motsin da ƙirjina ya yi sai in riƙe ƙarfen gado. Jiya aka mayar mini da ja.

Asabar, 26 ga Yuli

Asiya na yi mini komai, ba ta yi mini magana. Ta ba ni kunu, ta goge mini baki, ta juya.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ya dawo yau da hantsi, shi kaɗai. Ya zauna yana juya carbi. Na shirya jin tsiya, na ce ko me ya faɗa na cancanta.

Ya ce ranar nan ta Mayu da muka je tare, da ya shiga, abin da ya fara tambayar likita shi ne ko shi ma za a rage masa. Ta ce a'a. Nasa biyu ne, ɗaya a mararrabar jijiya, wurin da in ya toshe ba a kaiwa asibiti. Jikinsa zai iya ɗaukar maganin, shi ya sa za a ci gaba, ba don an fi son sa ba. Ta ce ko kwana ɗaya kada ya kuskura.

"Na hito na gan ka bisa benci. Nic ce, wanga an sallame shi, ni an riƙe ni. To mi zan yi? In yi kuka gabanka?"

Na ce ai dariya na ji kuna yi.

"Ina tsoro na, Hedimasta. In ina tsoro surutu nikai, ka sani tun ina yaro."

Ban sani ba. Ko kuwa na sani na manta.

Ya ce kullum da asuba sai ya laluba aljihu ya ji kwalin na nan kafin ya yi alwala. Ran da ya hau tirela a Shinkafi, da ya sauko sai da ya ɓuya bayan wata rumfa ya zauna ya huta. Ya hau ne don dillalai sun fara cewa Alhaji ya ƙare, sun fara kai shanu wurin wani. San Salla ma mahauci ya riƙe masa hannu, shi dai ya ɗora wuƙa.

Na ce to me ya sa yake ce mini nawa na 'yan makaranta.

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "In ban tsokane ka ba wa zan tsokana? Kai kaɗai ka rage man wanda ya san ni ba riga."

Daga baya ya ce rigarsa ta shadda ba ta wanku ba, kuma sai na biya. Na ce ya kai ni kotu.

Ban ba shi haƙuri ba. Kalmar ta zo har maƙogwaro.

Laraba, 30 ga Yuli

Kafin sallama Likita Hannatu ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce awon da ta yi mini a Mayu ba hukunci ba ne na wanda ya fi wani daraja, kuma ba sau ɗaya ake yin sa ba. Duk zuwa za ta sake dubawa, jini, ƙoda, ciki, don mutum na canzawa. Yanzu da na zubar, na ƙara matsawa ɓangaren da take tsoro. Ja kaɗai, da na ciki, da na ƙarin jini. Gwiwa kuma farasitamol da man shafawa da sanda.

Sanda.

Na ce mata na ɗauka ta fi sakin fuska da Alhaji. Ban san me ya sa na faɗa ba. Ta yi dariya, karo na farko. "Baba, shi in ban yi dariya ba ba ya sauraro. Kai kuma na ɗauka malami ne, bayani ya ishe ka."

Gida kafin magariba. Gero ya yi tsawo ban gani ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Asiya ta wanke tsohuwar jamfar da na ɓoye farar a aljihunta, ta ba wani mai gyaran takalmi. Da yamma na ce mata maganar da na yi ranar wake ba ta dace ba. Ta ce, "Wace magana?" Ta ƙara mini miya.

Juma'a, 8 ga Agusta

Masallaci da sanda. Yau kowa jikina yake tambaya. Na samu abin da nake so, ba daɗi.

An ce Ɗanbaba ya sayi sabuwar mota. Ina ruwana.

Fara ce wai.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ya kira daga Shinkafi, baki a kumbure, da ƙyar nake gane maganarsa. Haƙori. Wai akwai wani mai cirewa a bakin kasuwa, hannunsa da sauƙi, amma an ce masa ya ajiye magani kwana uku tukuna don kada jini ya ƙi tsayawa.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, ba sanda. Na ce kada ya ajiye ko rabin ƙwaya, kada kuma ya bari kowa ya sa masa ƙarfe a baki. Na ce ya ba Nuraddeen wayar. Na ce wa Nuraddeen in ya bar ubansa ya zauna gaban mutumin nan, ni da shi ne. Na kira Rahina ta samo mini likita. Likita ta ce ya kurkure da ruwan gishiri, ya sha farasitamol, su zo a duba, kuma in ma cirewa ce a asibiti za a yi ba tare da an tsayar da komai ba.

Asiya na bakin ƙofa tana kallona. Na ce mene ne. Ta ce ba komai.

Ba don komai na yi ba. In ya mutu a bakin kasuwa saboda haƙori, abin kunyar na dangi ne duka.

Talata, 19 ga Agusta

Gusau, mu biyu, a sabuwar motar. Sanyinta ya yi yawa, na faɗa masa.

An cire haƙorin jiya, ya kwana gidan Rahina, yau Nuraddeen ya dawo ya ɗauke ni don ganin likita. Nawa jinin ya ɗan hau. Kaɗan. Ta ce a haka ake so, a hankali. Ƙoda tana nan yadda take.

Da nasa layin ya zo ya riƙe mini hannun riga ya ce in shigo, shi ba ya gane rabin abin da take faɗa, yana gyaɗa kai ne kawai. Na shiga na zauna a gefe da sandata. Ta duba sakamakonsa. Jini cike. Ƙoda kamar ta saurayi. Ramin haƙorin ya kame tsaf. Ta ce in aka ci gaba haka, shekara na cika za ta duba yiwuwar rage masa.

Sai na ji wani ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Suka juyo su biyun suna kallona.

Na ce ƙafata ce ta saki, ta daina tsami.

A hanya ya yi barci, baki buɗe, auduga a kunci, kansa na faɗowa kan kafaɗata duk ramin da muka faɗa. Nauyi gare shi kamar buhun dawa. Nuraddeen ya ce in ture shi. Na ce ya dai kula da tuƙinsa.

Har Ƙaura ban motsa ba. Kafaɗar na ciwo yanzu. Asiya na neman man shafawa.